Taken Mai Roka

Shekaranjiya ina zaune gindin dalbejiyar da ke kallon layin manyan motoci a bakin boda, sai wata tirela ta zo ta tsaya. Direban ya sauko da 'yar waya toshe a kunnuwansa biyu, yana ta gyaɗa kai shi kaɗai kamar ƙadangare. Ba wanda ya ɗaga ido ya dube shi. Mai shayi bai fasa fifita wutarsa ba, masu sayar da fetur a kwalba ba su fasa gardamarsu ba. Ya wuce ta gabana da takardunsa a hannu, na bi shi da kallo har ya shige ofishin kwastan, sai na tarar yatsuna suna motsi a kan gwiwata, suna neman abin da za su kaɗa masa. Sana'a ta daɗe da barina, hannun ne har yau bai ji labari ba. Abin da ke cikin kunnen yaron nan kuwa na san shi, ba sai an gaya mini ba, kuma shi ne abin da ke hana ni ɗaga kai a garin nan.

A zamanin da muka taso, direba ba ya sauka daga mota ya taka ƙasar Jibiya shiru. Kowanne yana da takensa, wato ɗan gajeren kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai, wanda ko yana bayan katanga ya ji zai san da shi ake. Motoci kan yi kwana da kwanaki a layi, ana jiran takardun kwastan a nan, ana jiran na duwan, wato kwastan na can hayin boda, mutane ba aikin fari ba na baƙi sai caca da shan shayi. Idan an sallame la'asar sai mu shimfiɗa tabarmi gindin wannan dalbejiya, mu da Maigida, shugabanmu kuma mawaƙinmu. Kalangu biyu, kuntuku ɗaya, 'yan amshi a jere a bayansa. Maigida gadon kiɗan mahauta ya yi, amma da ya ga hanya ta buɗe motoci sun yawaita, sai ya juya wa direbobi. Mahauta ba su taɓa yafe masa ba. Har ya mutu idan ya je sayen nama sai sun ce masa ya je tasha a yanko masa taya.

Da kuntuku na fara, kamar kowa, kuma kafin a bar ni in taɓa kalangu sai da na ci wuya. Da sassafe ni ake aike mahauta karɓo fatar akuya, in jiƙa ta, in kankare gashin, in shanya a inuwa, don rana tana sa ta tsage. Ni ke yanka tsarkiya, ni ke shafe ta da mai har ta yi laushi. Warin ɗanyar fata ya kama jikina ta yadda 'yan matan da ke tallar fura idan na zo saye sai su miƙo mini ƙwarya daga nesa. Da damina fata kan saki, sai in kwashi kalangai in kai bakin wutar mai tsire in riƙa juya su har su dawo hayyacinsu, mai tsiren yana korata wai ina tare masa ciniki. Idan shuka ta tsaya kuma mu tafi gonar Maigida a ƙauyen Kusa mu yi noma, ba wanda ke tambayar ko noma na cikin koyon kiɗa. Yaran yanzu da ke cewa su mawaƙa ne, ban ga wanda ya san inda kiɗa ke fitowa ba. Su a wurinsu daga cikin akwati yake fita, kamar yadda ruwa ke fita daga famfo.

Amma babban karatun ba a hannu yake ba, a ido yake. Maigida ba ya zaunar da mai kalangu yana fuskantar jama'a. Hanya ake sa ka fuskanta, inda mutane ke ɓullowa. Sai ka san kowace mota da kukan injinta da irin hon ɗinta, ka san wanda ke ciki tun bai buɗe ƙofa ba. Ko ana tsakiyar wace waƙa, da ka hango mai take ya nufo, sai ka karya kiɗan ka tarbe shi, mawaƙi da 'yan amshi su biyo ka. Ranar da hankalina ya tafi wurin wata mai tallar gyaɗa har wani tsohon direba ya zo ya zauna ban gan shi ba, Maigida bai ce komai ba sai da aka tashi. Sannan ya kama kunnena.

"Kai, hanya anka ce ka duba ko gyaɗa?"

Na ce ai mutumin nan motarsa ta daɗe da ƙonewa, ko ficika ba ya liƙawa.

"Shi ya sa," in ji Maigida. "Mai abin hannu ko ba ka kaɗa mishi ba an san ya zo. Wanda yar rasa, in kab bar shi ya zamna shiru, kai ne ka shaida ma gari ya ƙare. Mutum in ya taho wurinmu, kada ƙahwarshi ta kai tabarma takenshi bai tarbe shi ba. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ji, domin kunnen a hannunsa yake.

A cikin waɗannan shekarun ne aka ba wani saurayi tuƙin roka, irin tsohuwar motar nan mai dogon hanci da jikin katako. Tun daga nan sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Roka. Lokacin yana karen mota jak ya taɓa zamewa mota ta danne masa ƙafa. An yi masa ɗori a Daddara, ƙafar ta warke, amma ta warke a gajarce. Saurayi ne kyakkyawa mai son ado, abin ya tsaya masa a rai. Ba ya yarda ya ratsa fili a gaban mutane. Idan muna wasa sai ya zagaya ta bayan motoci ya raɓe a gefe, ko ya yi zamansa a cikin mota ya buɗe ƙofa yana saurare. Ni ban ma lura ba. Maigida ne wata rana ya nuna mini shi da haɓa, ya ce, "Wanga yaro ba shi da take. Ka yi mishi." Ban taɓa yi wa kowa take ba, duk na gado nake kaɗawa. Na ce me zan kaɗa? Ya ce in je in dube shi.

Na yi kwanaki ina bin mutumin nan da ido kamar ɓarawo, idan zai ɗebo ruwan lagireto, idan zai tafi masallaci. Ƙafar lafiya takan sauka da nauyi, sai a ɗan dakata, sannan gajeriyar ta biyo da sauri tana ɗan ja. Sai na ɗora kiɗan a kan haka: bugu ɗaya mai nauyi da sakin tsarkiya, sai ɗan shiru, sai biyu ƙanana a matse. Duk sirrin yana cikin wannan ɗan shirun. Kuma ba shi da awo. Ranar da ya kwana a hanya ya gaji, shirun kan yi tsawo. Ranar da yake jin daɗi sai ya gajarce. Ƙafarsa ce ke faɗa, ni bi nake yi. Ranar farko da na gwada, ya sauko zai zagaya ta baya kamar kullum, na karya waƙa na buga. Ya tsaya cak. Maigida ya ɗaga murya ya ce, "Taho, Mai Roka, fili naka ne." Ba yadda zai yi, ya taho. Sai ɗingishin ya faɗa cikin kiɗan daidai, ya zama rangaji, kai ka ce da gangan yake yi don ƙasaita. Masu fura suka rangaɗa guɗa. Ya iso tabarma yana haki yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. Daga ranar sai ya riƙa ajiye motarsa can ƙarshen layi don tafiyar ta yi nisa. Har sai da na ga samarin direbobi masu ƙafa biyu lafiyayyu suna kwaikwayon tafiyarsa. Shekara da shekaru bayan nan ban ƙara jin wani ya ambaci ƙafar Mai Roka a garin nan ba.

Ba mu kaɗai ke neman tashar ba. Akwai wasu masu gurmi da ke ƙetarowa daga Maraɗi ranar kasuwa, su kafa nasu wasan a ɗaya gefen layi su kwashe mana rabin mutane, kuma in za a faɗi gaskiya shugabansu ya fi Maigida zaƙin murya. Kaset ne ya raba gardama. Mai Roka ya sayo rikoda, ya ajiye ta a tsakiyar tabarma ya ɗauke mu. Idan ka saurari kaset ɗin nan za ka ji kukan akuya, da hon, da tarin mai shayi, duk a ciki. Ya kai aka buga da yawa ya rarraba wa 'yan'uwansa direbobi, suka tafi da mu Maraɗi da Tawa har Agadas, wuraren da ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba. An je wa shugaban masu gurmin da rikoda shi ma, ya ce a ɗauke ta daga gabansa. Ya ce in mutum yana da shi a aljihu, me zai sa ya kira shi? Muka yi ta yi masa dariya, muna ce masa baƙauye. Ba a daɗe ba aka daina jin ɗuriyarsu, tasha ta zama tamu nan da hayi. Jandarma, 'yan sandan hayi, idan suka hango kalangu a kafaɗa, ɗaga mana sanda kawai suke yi mu wuce. Muna jan zarenmu, kanmu ya kumbura. Na sayi agogo mai sarƙa da ban iya karanta shi ba, ina tafiya ina karkaɗa hannu don a gani.

Mun ɗauka inji abokinmu ne, tunda ya kayar mana da abokan gaba. Ba mu lura da abin da yake koya wa mutane ba, wato su ji mu ba tare da mun gan su ba. Da fiyano ya zo, sai ya zama yaro ɗaya a cikin ɗaki a Katsina yana fitar da kalangu da kuntuku da algaita da yatsunsa, ba fata ba tsarkiya, ba mai cin tuwo sai shi. Mai biki ya aika da sunaye a rera masa, ranar biki mai di-je ya zo da sifikoki kamar rumbuna ya saki. Daga baya waƙa ta koma cikin memori, ta koma cikin waya, a tura maka ɗari a shago kafin ka gama shan ruwan leda. Direbobi suka daina taruwa, kowa da nasa wasan a kunnensa. Maigida ya rasu yana ganin farkon abin, Allah ya rufa masa asiri bai ga ƙarshe ba. Babban ɗan amshinmu, Na-Daddara, ya gaji waƙar, ni na gaji riƙon ƙungiya, aka laƙaba mini Sarkin Kiɗa a lokacin da kiɗan ya rage ba mai nema. Sauran suka watse, wani ya kama acaɓa, wani ya koma tallar fetur. Da aka yi shekarun rufe boda, sai layin motocin ma ya ɗauke. Kalanguna ya koma rataye a ƙusa, zanzaro ya yi ɗaki a cikin kangonsa.

Muna cikin wannan hali babban ɗan Mai Roka ya aiko a kira mu. Shi yanzu Alhaji ne mai tireloli da rumbunan hatsi, zai aurar da ɗansa na fari. Uban kuwa ya tsufa ya ajiye tuƙi, amma kullum da la'asar yakan dogara sandarsa ya zo gindin dalbejiya mu yi hira, in kaɗa masa takensa da yatsu a jikin benci. Alhaji ya karɓe mu da mutunci.

"Baba, so nike a sabunta waƙoƙinku," in ji shi. "A kai ku situdiyo a ɗora su bisa fiyano, ranar biki a ɗauke ku bidiyo. Yanzu haka anka tashi tsohhin mawaƙa da yawa. In abin ya shiga waya, wallahi sai kun koma yadda kuke da. Kuma taken tsoho nike so ya fi komi fitowa. Shi za a saki in zai shigo."

Na-Daddara ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin riga. Da muka fito ya ce, "Sarkin Kiɗa, Allah ya tuna da mu." Kafin mako ya zagayo ya rina gemunsa. Ina yi masa tsiya, amma ni ma a daren nan ban yi barcin kirki ba. Na sauko da kalangu, na fasa ɗakin zanzaro, na je mahauta da kaina na zaɓo fata. Ba abinci kaɗai nake hange ba. So nake in sake ratsa bakin boda a nuna ni da yatsa a ce ga masu tasha nan.

Situdiyon a Katsina yake, ɗan ɗaki ne da aka manne bangonsa da soso, ba taga, ƙofa a rufe. Da aka ba ni kujera na tambayi mai aikin ina zan fuskanta, ya yi dariya ya ce duk inda na ga dama. Mutum ne mai ladabi, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya sa na kaɗa taken Mai Roka daga farko har ƙarshe, na rufe ido ina ganin tafiyar a zuciyata. Da na gama, kiɗan ya fito a fuskar kwamfuta kamar jeren kunya a gona. Ya duba, ya nuna wani wuri da yatsa.

"Baba, ka ga nan akwai rami. Duk zagaye sai ka makara kaɗan. Kiɗan ɗingishi yake. Amma ba komai, bari in miƙe maka shi."

Ya ja wani abu, ya danna, ya sako. Ɗan shirun nan ya tafi. Kiɗa ya fito sumul, kowane bugu a kan layinsa, fiyano na bi ta ƙasa. Kuma ya yi daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Na-Daddara har ya fara kaɗa kafaɗa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na dubi Alhaji yana zaune a gefe yana murmushi. In ce me? In ce kiɗan na ɗingishi ne saboda ubanka gurgu ne? Kalmar da tun kafin a haife shi ba a furta ba, wadda saboda kada a furta ta aka yi taken, ni zan fito da ita a gaban ɗansa da baƙon ido? Ga kuma tsoron kada yaron nan ya ga tsoho ya zo daga ƙauye bai san daidai ba yana gardama. Alhaji ya ce, "Baba, ya yi ko?" Na ce ya yi. Na gaya wa kaina ai ranar biki ina wurin da kalanguna, idona na kan hanya.

Ranar biki bayan la'asar aka kafa rumfuna a wani babban fili. An ɗinka mana anko, aka hau da mu kan dandamali, aka jera mu muna fuskantar kyamara, bayanmu na kallon ƙofar shigowa. Mai ɗaukar hoto ya ce kada mu buga da gaske, zai ɓata sauti, mu dai riƙa motsa hannu, Na-Daddara ya riƙa motsa baki. Ni da na yi shekaru ina fasa fata, ga ni tsaye da sabuwar riga ina kaɗa iska. Tun a nan kunya ta fara cina, amma na daure, na ce na ɗan lokaci ne. Alhaji kuwa, don ya girmama ubansa, ya sa an shimfiɗa jan kafet tun daga ƙofa har kujerar gaba, doguwar tafiya, domin ya taso yana jin labarin yadda tsohon ke son tafiya mai nisa a cikin takensa.

Sai na ji mai di-je ya katse waƙa ya saki taken. Na juya, mai kyamara yana yi mini alama in dawo, ban kula shi ba. Ga Mai Roka a bakin kafet cikin farar babbar riga. Da ya ji bugun farko sai fuskarsa ta washe, ya miƙa wa wani sandarsa, don bai taɓa shiga takensa da sanda ba. Ya sauke ƙafar lafiya. Kafin gajeriyar ta taso, kiɗan ya riga ya wuce. Ya yi sauri ya cim masa, ya yi tangaɗi. Ya tsaya, ya jira zagaye ya dawo, ya sake gwadawa, kiɗan bai jira shi ba. Duk filin nan, yara da manya, suka ga abin da iyayensu ba su taɓa gani ba, tsoho mai gajeriyar ƙafa yana jan ta a kan jan kafet. Ya ɗago kai ya nemo ni. Ya gan ni da kalangu a hammata, sandar kiɗa a sama. A nan na buga da gaske, na matse tsarkiya na buga da duk ƙarfina, na bar masa shirunsa. Ko ni da ke riƙe da kalangun ban ji abin da nake bugawa ba, sifikoki sun cinye shi. A gwaji na uku ƙafar ta harɗe da bakin riga, ya tafi ƙasa a kan gwiwa da hannu, hularsa ta gangara gefe. Aka ruga aka ɗaga shi. Mutum biyu suka riƙe shi har kujera, taken na ci gaba da tashi sumul. Ko'ina na duba wayoyi ne a sama. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya yi gaskiya, abin ya shiga waya. Ba bidiyonmu na anko ba, wannan ba wanda ya kalla. Faɗuwar ce ta yaɗu. Daga nan samari suka mayar da ita wasa: a saki taken, mutum ya taho yana tangaɗi, ya faɗi, ya jefar da hula, a yi dariya a tura wa na gaba. Har 'yan mata na yi, har a Maraɗi. Yau ba waƙar da ake ji a bakin bodar nan kamar tamu, ko a zamanin kaset ba mu kai haka ba. Gayyata ta dawo. Na-Daddara yana zuwa da wasu yara da ya ɗauka suna riƙe masa kalangai na ado, ya zo har gida ya ce mini, "Sarkin Kiɗa, tasha ta dawo hannunmu, kai kuma ka zamna kana kumbure-kumbure." Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Na ce masa ya je, Allah ya ba da sa'a.

Mai Roka bai ƙara zuwa gindin dalbejiya ba. Na yi ta jan ƙafa, kullum in ce gobe, sai da na ga goben ba za ta ƙare ba na rataya kalangu na tafi gidansa. Na same shi a zaure a kan tabarma, ya rame. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya ce yanzu ko masallacin ƙofar gida sai ya leƙa ya ga ba yara, don da sun gan shi sai su fara kiɗan da baki. Ya faɗi wannan yana murmushi, murmushin ya fi mini zagi ciwo. Can ya ce:

"Sarkin Kiɗa, wa yam miƙe shi?"

Na ce inji ne, a Katsina.

"Kana wurin?"

Na ce ina wurin.

Ya gyaɗa kai. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban kawo ba. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma, na ji ni ƙaramin yaron nan ne da aka kama wa kunne, sai dai yau ba mai kamawa. Har na fara tunanin sallama, sai ya nuna kalangun da haɓa.

"To ka ɗauko shi ka kawo, sai ka kaɗa mu ji."

Ya dafa bango ya miƙe, ya bar sandar a ƙasa. Na juya na fuskance shi, na sa ido a ƙafarsa. Na buga mai nauyin, na jira. Shirun ya yi tsawo fiye da yadda na taɓa barinsa, amma na jira, gajeriyar ta taso, na tarbe ta da biyun. Sai ga kafaɗar nan ta karkata, ga rangajin ya dawo, daga tabarma har bakin ƙofar zaure. Ya tsaya a dokin ƙofa yana kallon titi, rana na dukan fuskarsa, na ci gaba da riƙe masa kiɗan ko zai fita. Ya daɗe a tsaye.

"Ya isa nan," in ji shi. "Mai da ni."

Na kaɗa masa ya juyo, ban sauke hannu ba sai da ya zauna. Tun daga ranar kullum da la'asar can nake zuwa. Daga tabarma zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa tabarma, mu biyu, wani lokaci da akuyar gidan tana kallo.

Direban nan na shekaranjiya, da ya fito daga ofishin kwastan sai ya tsaya a gabana ya ƙura mini ido. Ya zare waya ɗaya daga kunnensa, na jiyo kiɗan yana fita siriri, sumul, ba rami ko ɗaya.

"Baba, ba kai ne mai kalangun nan na cikin bidiyo ba? Tsaya mu ɗauki hoto."

Na ce masa kama ce. Na kakkaɓe rigata na tashi, domin an kusa kiran la'asar, kuma ana jirana a zaure.